Lofen da ba ya ja

Shagona yana bayan kasuwar Taminus a Jos, ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka shigo na huɗu sai ya tsaya a bakin ƙofa. Gyaran agogo da firam ɗin tabarau ne ke ciyar da mu. Gyaran lofe kuwa gado ne. Mahaifina ya koya a Bukur, zamanin da Turawan kamfanin haƙar kuza na ATMN ke cika gari da hayaƙinsu, ya rasu ya bar mini gwangwanin kayan aikinsa. Yanzu a wata da ƙyar nake samun lofe biyu ko uku, yawanci daga tsofaffin sojoji da dattawan Rayfil. Ni ba na sha, kuma ba na ɓoye musu abin da taba ke yi wa ƙirji. Su yi dariya, su miƙo lofen.

Kukansu ɗaya ne: "Malam, ba ya ja." Ko kuma yana ƙugi kamar mai majina. Kafin in taɓa ƙarfe sai na zura wayar goge lofe, mai gashin nan, daga baki har ƙoƙon da ake zuba taba. Sau da yawa ramin da hayaƙi ke bi ba ƙunci ya yi ba, dauɗa ce ta shekaru ta daskare. Sifirit da waya goma sun gama magana, in karɓi kuɗin goro. Wanda ya zo da niyyar a huda masa ba ya son jin haka, amma itacen da ka cire ba ya komawa.

In ramin ne da gaske, to nan aikin yake. Lofen kamfani da yawa ramin wuyansu bai wuce milimita 3 ba. Masu son ja mai sauƙi suna kai shi 4, abin da a awon Ingila ake kira 5/32 na inci. Ba na tsallake. Bakin diril na 3 da rabi ne farko, a ɗaure cikin ɗan mariƙin hannu mai kama da biro, ina murzawa da yatsa uku. Rabin juyi, in zaro, in busa garin, in koma. Ido yana cikin ƙoƙo, domin da kan ƙarfen ya leƙo sai a tsaya. Ka ƙara kaɗan, ka tona rami a gindin ƙoƙon, ruwa ya riƙa taruwa a wurin.

Itacen ba irin na Kasuwar Katako ba ne. Biraya ake ce masa, kullutun saiwar wani ɗan itace da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum, su Italiya da Kosika da Aljeriya da Girka. Tun ƙarni na 19 garin San Kulod na Faransa ya yi suna da sassaƙa shi. Yana jure wuta, amma wuyan lofe siriri ne, kuma tsohon itace a hunturun Jos ya bushe ƙayau.

Abin da ya koya mini hankali ke nan. Ina sabon shiga wani dattijo ya kawo lofensa, son sauri ya ɗauke hankalina, na ɗauko diril na lantarki. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba na ji ƙas. Wuyan ya tsage. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Yaro, babanka da hannu yake yi." Na ɗaure tsagar da zoben azurfa da wani maƙerin farfaru ya buga mini, ban karɓi sisi ba.

Bakin tsotso ya fi wuyan lofe wahala, mutane ba su sani ba. Baƙar roba ce mai tauri, tana sirancewa wajen leɓe, saboda haka bakin diril miƙaƙƙe zai fasa ta sama ko ƙasa. Mai tsini ake sawa, a tsaya tun da saura, sannan a koma ta tsagar baki da siririn magagari a buɗe ta gefe da gefe kamar mazurari. Lanƙwasasshe kuwa sai an ɗumama robar ta miƙe tukuna, da waya a ciki don kada ramin ya rufe. Harshen bakin tsotson da ke shiga wuyan lofe ma ina ɗan fafe bakinsa, saboda a kan wannan kaifin hayaƙi ke karo ya zama ruwa, daga nan ƙugin ke tasowa.

Akwai wanda ba na yarda in faɗaɗa: lofen kamfanin Peterson na Dablin mai rijiyar tara ruwa a wuya. A irinsa wayar ba ta wucewa kai tsaye, kuma da gangan aka yi shi haka. Makon jiya wani Alhaji ya kawo nasa ya nace a huda. Na wanke rijiyar, na ce ya je ya gwada kwana uku, in bai ja ba ya dawo. Jiya ɗansa ya shigo, agogo ya kawo.