Abin da Na Koya Ina Jagorantar Tankokin Yaƙin Hitila a Kwamfuta

Wasannin tankar yaƙi na kwamfuta kashi biyu ne a wurina. Akwai waɗanda ake yi wa tanka ma'aunin rai kamar cajin waya, kowane harsashi ya ɗan zaftare shi, in ya ƙare ta kama da wuta. World of Tanks yana cikin wannan sahun, kuma ba laifi, akwai nishaɗi. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da wannan ma'auni: ko dai harsashi ya huda sulke, ko ya gurje ya wuce. Na biyun nan su ne suka cinye mini shekaru, musamman jerin Combat Mission, wanda na farkonsa, Beyond Overlord, ya fito a 2000.

Tsarinsa shi ya fara kama ni. Kai da abokin karawarka kowa zai ba dakarunsa umarni a ɓoye, sannan kwamfuta ta saki yaƙin na daƙiƙa 60. A wannan minti ɗaya hannunka a ɗaure yake, sai kallo da salati. Da yake ana iya aika fayil ɗin kowane zagaye ta imel, ni da wani abokina da ke wani gari mukan ja yaƙi ɗaya na tsawon makonni. Ko an ɗauke wuta ko intanet ya yi rauni, wasan yana nan yana jiranmu.

Abu na farko da wasan ya cusa mini shi ne lissafin karkata. Da, in an ce sulke, kauri kawai nake dubawa. To ga T-34 ta Tarayyar Sobiyat, farantin gabanta milimita 45 ne kacal, amma an jingine shi digiri 60, saboda haka harsashin da ya taho a miƙe sai ya ratsa ƙarfen da ya kai milimita 90 kafin ya shiga. Ban da haka karkatar takan sa harsashi ya zame ya yi sama. Panther ta Jamus ta ɗauki wannan dabara ta ƙara mata kauri: milimita 80 a kan digiri 55, wato kusan 140 ke nan ga mai harbi daga gaba. Tiger kuwa akwati ce tsayayya, milimita 100 a gaba, 80 a gefe, shi ya sa aka koya wa direbobinta su riƙa tsayuwa a kaikaice, kada su ba abokin gaba ƙirji ko haƙarƙari a miƙe. Wasan yana lissafa duk wannan a kowane harbi, har da nisa, da irin harsashin, da daidai inda ya sauka.

A wannan fanni ba ni da ƙorafi. Masu ƙera waɗannan wasanni sun yi wa ƙarfe adalci. Ka ɗauki Sherman ta Amurka mai igwa milimita 75 ka tsaya gaba da gaba da Panther, za ka ga harsasanka suna tartsatsi suna tashi, ita kuma harbi ɗaya ya ishe ta. Amma haƙarƙarin Panther milimita 40 zuwa 50 ne, kuma wannan igwar da aka raina tana huda shi sarai.

Wani yaƙi da muka yi a taswirar Nomandi ta Faransa shi ya nuna mini cewa lissafin ƙarfe rabin labari ne. Ni ke riƙe da Amurkawa, abokin nawa yana da Panther guda da ya girke a bakin wata hanya tsakanin shingayen gonaki, irin tudun ƙasar nan mai bishiyoyi a kai da ya wahalar da sojojin ƙawance a Yuni da Yulin 1944. Na rufe hanyar da hayaƙi, na sa masu bindiga mai jigida suka yi ta ruwan harsashi a kanta. Harsashin jigida ba ya yi wa Panther komai, amma ya tilasta wa kwamandanta ya nutse ciki ya ja murfi. Daga nan ta zama makauniya. Shermans biyu suka zagaya ta gonar da ke hagunta. Harbin farko ya tsinka mata sarƙa, na biyu ya sami gindin kanta mai juyawa, igwar ta cije. Sai ga mutum biyar sun diro suna gudu, alhali babu harsashi ko ɗaya da ya shiga cikinta.

Abokina ya aiko mini da saƙo cewa wasan ya cuce shi. Na tura masa labarin Tiger 131, wadda ke ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, ita kaɗai ce Tiger samfurin farko da har yanzu injinta ke tashi. A Afrilun 1943 aka kama ta a Tunisiya. Harsashi ne ya maƙale mata a ƙarƙashin kai ya hana shi juyawa, mutanenta suka fice suka bar ta kusan lafiya lau. Tun daga ranar nake auna gaskiyar wasa da wannan: shin mutanen da ke cikin tankar suna jin tsoro?

Sai batun gani, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Mutumin da ke cikin rufaffiyar tanka ta ƴan tsagogi da madubai yake leƙen duniya, ga ƙarar inji, ga ƙura, ga hayaƙin igwarsa. Shi ya sa kwamandoji da yawa suke yaƙi kai a waje, shi ya sa kuma ake yawan kashe su. T-34 ta farko, mai igwa 76, mutum biyu ne a kanta, kwamandan shi ne kuma maharbi. Idan idonsa yana kan saiti, babu mai duba gefe. Ga ƙarancin rediyo a 1941, har da tuta ake ba da umarni. Jamusawa kuwa mutum uku suke sakawa a kan Panzer III da Panzer IV, kwamanda aikinsa kallo da umarni kawai. A takarda T-34 ta fi su sulke da igwa, a fili kuma sun sha riga ta harbi. Sai a 1944, da T-34-85 ta fito, aka gyara wannan. Barbarossa to Berlin, wasa na biyu a jerin Combat Mission da ya fito a 2002, ya nuna wannan bambanci, inda tankokin da ba su da rediyo suke nawar karɓar umarni. Ranar da na fara jan rundunar T-34 a cikinsa na gane dalilin da ya sa tanka mai kyau take iya shan kashi a hannun wadda ba ta kai ta ba.

Duk da haka tsofaffin Combat Mission suna da wani babban gibi. In soja ɗaya ya hango tankar abokan gaba, nan take duk rundunarka ta gan ta, kowa ya juya bindiga. A yaƙin gaske labari tafiya yake yi, daga mai gani zuwa sajan, zuwa mai rediyo, zuwa kwamandan tanka, kuma sau da yawa a hanya yake mutuwa. Sabon injin wasan da aka fara amfani da shi a 2007 ya raba wa kowane rukuni idonsa, abin da wannan ya gani ba lallai wancan ya sani ba. Graviteam Tactics, na wasu ƴan Yukren, ya fi tsanantawa: umarninka yana bin rediyo ko wayar tarho ko murya, in layin ya yanke sai ka zauna kana kallon mutanenka suna abin da suka ga dama. Abin yana da ban haushi ƙwarai, kuma ya fi kusa da abin da tarihi ya nuna. Binciken da sojan Amurka suka yi bayan yaƙin kan gumurzun tankoki a Turai ya gano cewa wanda ya riga gani ya riga harbi shi ya fi yin nasara, kuma galibi mai kwanton ɓauna ne.

Inda duk wasannin suka gaza kuwa shi ne abin da ke faruwa kafin a iso fagen daga. A kwamfuta Panther takan bayyana a gefen taswira da cikakken tanki, inji garau. A Kursk ta Rasha, Yulin 1943, Jamusawa sun kai sababbin Panther kimanin 200, cikin kwana biyu waɗanda ke iya yaƙi suka koma wajen 40. Nakiyoyi da igwogin Sobiyat sun ci nasu, amma lalacewar inji ta ci da yawa. Haƙoran da ke miƙa ƙarfin inji zuwa sarƙa sun zame mata ciwon da ba ta rabu da shi ba har ƙarshen yaƙin. Tiger kuma tan 57 ce, ba kowace gada ke ɗaukarta ba, in ta mutu a hanya sai an haɗa motocin janwe har uku. Wasa na minti 40 ba shi da wurin makanike, ko direban tankar mai da jirgin sama ya ƙone a hanya.

Haka ma yawa. Tiger samfurin farko kusan 1,350 aka ƙera gaba ɗaya, Sherman kuwa ta haura 49,000. Sojan Amurka a Nomandi da ƙyar ya yi ido biyu da Tiger, domin ƴan bataliyoyin da ke da ita suna ɓangaren Birtaniya da Kanada ne. Abin da ya fi haɗuwa da shi Panzer IV ce, ko StuG III, motar sulke mai igwa marar kai mai juyawa, ko igwar da aka ɓoye cikin shinge, ko wani yaro da Panzerfaust, makamin hannu na fasa tanka, a cikin rami yana jira a matso mita 30. Akasarin harsasan da Sherman ta harba ma masu fashewa ne, a kan gidaje da ramuka, don share wa sojan ƙasa hanya. Amma ka ba ƴan wasa maki su sayi kayan yaƙi da kansu, kowa Tiger zai ɗauka. Sai a wayi gari kowace milimita a wasan daidai take, amma yaƙin da ake bugawa bai taɓa faruwa ba.

Mu ƴan wasa ma muna da namu laifin. Ba ma mutuwa, saboda haka mukan tura tanka inda babu kwamandan da ke da hankali zai shiga. Mukan bi gefen taswira don mun san babu abokin gaba a bayan layin. Akwai masu mayar da ma'aikatan tankar da ta ƙone ƴan leƙen asiri, alhali a zahiri mutanen da aka sha wahalar horarwa baya ake mayar da su a ba su wata.

Saboda haka ni da abokina muka kafa wa kanmu dokoki. Ba ma sayen kaya, sai dai mu buga yaƙin da aka tsara bisa rundunonin da suka kasance a wurin. Ma'aikatan tankar da suka diro baya suke nufa. Wanda ya yi asarar fiye da rabin tankokinsa bai ci ba, ko da ya kama garin. Da waɗannan dokoki muka buga Arracourt, gumurzun Satumban 1944 a Loren ta Faransa, inda Runduna ta 4 ta masu sulke ta Amurka, mafi yawan tankokinta Sherman masu igwa 75, ta ragargaza sababbin birged na Panther. Na karɓi Jamusawa da gangan. Aka ba ni Panther sababbi fil da ma'aikata sababbin shiga, ba masu leƙen hanya na kirki, ga hazon safiya ya rufe ko'ina, dogon zangon igwata ya tashi a banza. Shermans ɗinsa suna laɓe a bayan tuddai, kansu yana juyawa da sauri fiye da nawa, harbi yana zuwa mini ta haƙarƙari daga inda ban gani ba. Kafin hazon ya washe na rasa mafi yawansu, na ja ragowar baya, na aika masa fayil ɗin ƙarshe tare da neman mu sake bugawa, amma a taswirar Kursk, shi ya riƙe Panther ɗin.