Katuna tara da kusurwar da ta cinye mini dare uku

Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Dare uku na yi ina bin lissafin da komai nasa daidai yake ban da abu ɗaya, kuma abu ɗayan nan bai wuce baƙaƙe biyu da na riƙa karantawa a juye ba.

Wasan shi ne na katuna tara masu kusurwa huɗu da ake jerawa uku-uku, irin wanda ake sayarwa a Amurka da sunan Scramble Squares, masu tara shi suna bin sa hoto-hoto: na tsuntsaye, na kifaye, na motoci, na furanni. Kowane kati inci 4 ne ta kowane gefe, wajen santimita 10. Nawa na tsuntsaye ne, iri huɗu: ja, shuɗi, kore da rawaya. An raba kowane tsuntsu biyu, kai a gefen wani kati, wutsiya a gefen wani. Gefuna 36 ke nan, rabin tsuntsu iri 8, mahaɗa 12 a ciki da ake so kowace ta ba da cikakken tsuntsu, sauran gefuna 12 kuma suna kallon waje, ba ruwan kowa da su. Hanyoyin jera katunan da juya su sun kai 95,126,814,720. Ko ka raba huɗu saboda juya allon gaba ɗaya ba ya canza komai, kana da sama da biliyan 23. Wanda ya ce zai yi ta gwadawa da ka har ya dace, Allah ya ba shi tsawon rai.

Abin da ke yaudarar mutum shi ne katuna takwas. Za ka jera takwas su zauna tsaf, ka ɗauko na tara zuciyarka na bugawa, ya ƙi. Sai ka ce saura ƙiris, ka shiga musanya wannan da wancan. Ba ka kusa ba ko kaɗan. Katin ƙarshe gefe biyu ake so ya dace a lokaci guda, yana da juyi huɗu, haɗin rabi biyu kuwa iri 64 ne. Huɗu cikin 64, wato sau ɗaya cikin 16. Sau 15 za ka kai takwas a banza. In na tara ya ƙi, kwashe, kada ka tsaya lallashinsa.

Don haka na koma takarda. Na sa wa kowane kati lamba a baya da fensir, 1 zuwa 9, da ɗan kibiya mai nuna inda na ɗauka a matsayin sama. Kai na rubuta da babban baƙi, wutsiya da ƙarami: J da j na ja, S da s na shuɗi, K da k na kore, R da r na rawaya. Kowane kati na karanta gefunansa daga sama, yadda hannun agogo ke tafiya: sama, dama, ƙasa, hagu. Kati na 4, alal misali, J s K r ne. A yi wannan da rana. A hasken fitila mai caji shuɗi da kore kusan ɗaya suke, sau biyu na gyara rubutuna. In ba makawa sai da dare, a dubi siffar baki da tsawon wutsiya, a bar launi.

Daga nan sai ƙirga. A nawa J shida ne, j uku. S huɗu, s biyar. K biyar, k huɗu. R uku, r shida. Kowace mahaɗa tana cin ɗaya daga ɓangaren da ya fi ƙaranci na tsuntsunta, wato j, S, k ko R. Waɗannan in ka tara su 14 ne, mahaɗa kuma 12. Ke nan biyu kacal ne cikinsu za su kalli waje. Da ka ga na uku ya leƙa waje, wannan jerin ya mutu, ko da komai nasa yana zaune lafiya. Lambobin naka za su bambanta da nawa, amma ƙirgar minti biyar ce kuma tana rage aiki sosai.

Babban makami shi ne jadawalin kusurwa. Kowane kati yana da kusurwa huɗu, kowace kusurwa rabi biyu ne a jere. Kati na 4 ya ba da Js, sK, Kr da rJ. Na zana gida takwas a tsaye, takwas a kwance a littafin lissafi mai gida-gida, baƙin farko a layin tsaye, na biyu a na kwance, na riƙa sa lambar kati a gidansa. Kusurwoyi 36 a gida 64, aƙalla gida 28 fayau suke. Waɗannan gidajen da ba kowa su ne ke yi maka aiki, domin su ke ce maka tsaya, ba hanya. Ka ƙirga abin da ka shigar ya cika 36 kafin ka ci gaba.

Tsarin binciken kuwa daga tsakiya ake farawa. Ka zaɓi kati ɗaya ka ajiye shi a tsakiya, kada ka juya shi, domin juya na tsakiya daidai yake da juya allon duka. Ka nemo wanda zai hau samansa, wajen huɗu za ka samu. Ka nemo na damansa, uku ko huɗu. Haɗi 14 ke nan a ƙiyasi. Kowanne sai ka tambayi jadawali ko akwai katin da zai cike kusurwar da ke tsakaninsu. Kamar biyar ne za su tsira. Sai na ƙasa da kusurwarsa, sai na hagu da kusurwoyi biyun ƙarshe. Kowane kati na tsakiya zai ci maka dubawa 30 da 'yan kai, tara duka wajen 300. Daga biliyoyi zuwa 300. Da na ga wannan lissafin har murmushi na yi, na mayar da katunan cikin ledarsu na ce ai takarda ta wadatar.

Mayar da su ledar nan shi ne rabin kuskuren. Ga sauran rabin.

A ce gefen dama na katin sama K ne, gefen sama na katin dama kuma s ne. Katin da zai shiga kusurwar sama ta dama yana bukatar k a hagunsa, S a ƙasansa. Ido daga hagu yake fara karatu, sai na rubuta kS na tafi jadawali. To amma jadawalin da tafiyar agogo aka gina shi, kuma a tafiyar agogo ƙasa ke zuwa kafin hagu. Sk ya kamata in nema. kS da Sk ba abu ɗaya ba ne, kamar takalmin hagu da na dama ne: duk yadda ka juya kati a kan tebur ba zai mayar da ɗaya ya zama ɗayan ba, sai dai ka kifa shi, bayansa kuwa ba hoto. Da na saba da wannan karatun a kusurwar farko, sai na ɗauke shi na bi sauran kusurwoyin da shi: katin da na fara ajiyewa shi nake fara karantawa, sannan na bayansa. A kusurwa ukun farko akasin haka ne daidai. In kana zagaya allon da tafiyar agogo, gefen da ke taɓa kati na gaba shi ake fara karantawa, sannan wanda ke taɓa na baya. Kamar haƙoran inji biyu da suka sarƙe ne, ɗaya na juyawa dama ɗayan na juyawa hagu.

Abin haushin, kuskuren ba ya nuna kansa. Jadawali yana ba da amsa kamar kullum, wani lokaci ya ce akwai, wani lokaci ya ce babu, adadin masu tsira ma daidai da ƙiyasina. Ba abin da zai sa ka yi zargi. Daren farko na soke kati na 1, na 2 da na 3 a matsayin tsakiya. Dare na biyu na soke huɗu. Na uku na ƙarasa biyun da suka rage, na zauna ina kallon shafi shida na aikin baban giwa: tsakiya tara, duka an soke. Da yake na hannu na saya, nan take na yanke hukunci cewa an cakuɗa mini kati ɗaya daga wani saiti. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa wanda ya sayar mini, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da na zazzage katunan don in gano baƙon cikinsu, sai na jera uku kamar yadda wani layi na shafin farko ya nuna, inda na rubuta babu na ja layi. Kati na 8 yana gefe, ido kawai ya gan shi, na tura shi kusurwar ya zauna daram. Na koma jadawali, gidan da na duba fayau yake, amma ga 8 a gidan da ke kallonsa ta ɗaya ɓangaren. Da a ce tun daren farko na gwada layi ɗaya tak da katunan a hannu, da minti biyu ya isa in kama kaina. Layi ɗaya. Jadawali ba ya maye gurbin katunan, rage maka yawan ɗaukarsu kawai yake yi. Duk amsar da ya ba ka a dubawa goman farko, ko akwai ko babu, ka tabbatar da ita da ido: in ya ce babu, ka bi katuna shidan da suka rage ɗaya bayan ɗaya ka ga da gaske babun.

Maganin da na samu ba na haddace doka ba ne, domin na san zan sake juya ta. Na ɗora katunan a kan babban tiren shayi. Duk kusurwar da zan cike, sai in juya tiren har ramin ya dawo ƙasa ta dama. A wannan kusurwar gefunan da ake bukata hagu ne da sama, kuma a tafiyar agogo hagu ke zuwa kafin sama, wato yadda ido ke son karantawa shi ne daidai. Tiren yana da wani amfanin ma, bakinsa yana tare katunan in fanka na kaɗawa, kuma kana iya ɗauke aikin ka ajiye a kan kabad in yara sun shigo. A takarda kuma ka riƙa rubuta lambar kati tare da inda kibiyarsa take kallo, kamar 6 dama, domin kati ɗaya yakan iya shiga wuri ɗaya ta fuska biyu, in ba ka rubuta ba za ka gwada ɗaya ka zaci ka gama da shi.

Wannan hanyar ta uku-uku ce kawai, kada wani ya ɗauka zai kai ta ko'ina. Eternity II da aka fitar a 2007 irin wannan wasan ne, amma guda 256 a layi 16 sau 16, aka sa kyautar dala miliyan 2, har wa'adin ya cika a ƙarshen 2010 ba wanda ya ci.

Da tire da jadawalin nan dai da ban canza masa ko baƙi ɗaya ba, na sake farawa daga kati na 1. Ya mutu da gaskiya a cikin kwata ɗaya na awa. Na sa na 2 a tsakiya, wanda na soke tun daren farko kafin shayina ya huce. A haɗi na shida kusurwar sama ta karɓi kati, ta ƙasa ta karɓa, na kai takwas ban yarda na yi murna ba saboda na san ɗaya cikin 16 ɗin nan. Na tara ya shiga a juyi na biyu. Na duba gefunan waje, j ɗaya da R ɗaya ne suka leƙa, biyu cif kamar yadda ƙirgar ta ce.