Faɗin siki da irin dusar da ya taka

Shagona yana Shamoni, a gindin tsaunin Mon Bulan a Faransa, garin da aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni, sai Allah ya ajiye abincina a kan siki, wato allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a zame kan dusar ƙanƙara. Muna ba da haya, muna wasa kaifi, muna shafa kaki, muna daidaita maɗaurin takalmi gwargwadon nauyin mutum da gwanintarsa.

Gardamar da na fi sha da masu haya ita ce ta faɗi. Ana auna siki a ƙugu, daidai inda takalmi ke zama. Na 'yan tsere bai cika wuce milimita 70 ba, na dusa mai zurfi zalla kuwa ya kan haura 110. Wanda kowa ke miƙa wa hannu yanzu shi ne mai faɗin 95 zuwa 108, wanda kamfanoni ke tallarsa da cewa ko'ina a dutse yana shiga, irin su Enforcer na Nordica da QST 106 na Salomon. Shiga kam yana shiga, amma ba da daɗi ɗaya ba.

Ranar da dusa ta kwana tana zuba, ba shi da na biyu. Wanda ya ga tafin raƙumi a kan rairayi ya gane maganar: faɗi ke raba nauyi, ƙafa ba ta nutsewa. Ga kuma goshinsa da aka ɗaga tun daga nesa da baki, dabarar da shahararren ɗan wasan siki marigayi Shane McConkey ya kwaikwayo daga sikin ruwa, har kamfanin Volant ya fito da Spatula a 2002. Mutum sai ya ji yana yawo a saman dusa, ba sai ya jingina baya yana azabtar da cinyoyinsa ba.

To amma kwana nawa ne haka a damina ɗaya ta sanyi? Sau da yawa a Janairu sai a yi kwana goma ko ɗigo babu. Hanyar siki ta sha takun injin da ke daddanne dusa, an haɗa da dusar da na'ura ke fesawa, wadda ta fi ta sama tauri, da safe ta zama kamar daɓen siminti. A nan mai faɗi ke nuna halinsa. Ƙarfen gefen da zai ciji ƙanƙara ya yi nisa da tsakiyar ƙafa, don haka sai ka kwantar da gwiwa sosai kafin ya kama, kuma juyawa daga wannan gefe zuwa wancan tana ɗaukar lokaci. Gwani ya kan iya da shi, musamman in akwai zanen ƙarfe a cikin katakon. Ɗan koyo kuwa santsi zai yi ta kwasarsa, da yamma ya dawo mini yana dafe da gwiwa yana cewa ban wasa kaifin ba. Na wasa, digiri 88 cif. Faɗin ne bai dace da ranar ba.

Inda nake ganin ya biya kuɗinsa shi ne bayan azahar, lokacin da jama'a suka tattake sabuwar dusa ta zama gutsi-gutsi, nan tudu can rami. Siriri sai ya yi ta tuntuɓe, shi kuwa ratsawa yake. Haka ma a Afrilu idan rana ta narkar da dusa ta koma kamar jiƙaƙƙen gari, muddin an shafa kakin da aka yi don yanayin ɗumi, don in ba haka ba jiƙar kan riƙe ƙasan siki. A cikin ƙananan tuddan da ake zigzag a tsakaninsu nauyi ne da shi. Dusar da iska ta yi wa ɓawo a sama kuwa, ita ba ta ragawa kowane siki.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne yana ba mutum ƙarfin halin barin hanya. Haɗarin zaftarewar dusa mataki biyar ne a Turai, kullum ana bayyana na ranar. Duk wanda ya ce zai fita gefe, sai na ga na'urar neman wanda dusa ta binne da shebur da sandar bincike a jakarsa.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Girenobul yana taya ni aiki a hutu. Shekaranjiya na same shi ya miƙa wa wani baƙo mai 106, alhali mutumin sati ɗaya ya taɓa yi a kan siki.

"Kawu, shi ya ce shi yake so."

Na ce, "Yaro, leƙa waje. Yaushe rabon da ta zuba?"

Ya ƙirga da yatsu, kwana tara. Muka karɓe, muka ba shi mai 84, na ce in ta sauka daren Alhamis ya dawo da sassafe mu canza masa ba ƙarin ko sisi.