Faci ɗaya da ya koma goma sha huɗu

Kusan duk tsarin fayil da ke cikin Linux, daga ext4 da XFS da Btrfs har tsohon FAT na filashi, a rijiya ɗaya suke sha. Idan ka buɗe fayil, kanel, wato zuciyar Linux, kan ɗebo bayanan daga faifai ya ajiye a rumbun shafuka cikin memori, kuma yawancin kod ɗin da ke kula da rumbun nan yana mm/filemap.c. Shafi ɗaya a kwamfutocinmu na yau da kullum bayit 4096 ne. Amma ana iya haɗa shafuka da yawa su zama dunƙule guda, na gaba ya zama kai, sauran su zama wutsiya, kuma shekara da shekaru kod bai san wanne aka miƙo masa ba sai ya tambaya. Wannan ruɗani ne Matthew Wilcox ya zo ya warware da foliyo, wanda ya shiga Linux 5.16 a farkon 2022. Foliyo shafi ɗaya ne ko dunƙulen shafuka; ba ya taɓa zama wutsiya, kuma ya san girman kansa.

Nawa rabon a wannan gagarumin aiki bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan guntun kod na ɗauka, mai cika ragowar shafi da sifili bayan ƙarshen fayil, na ce bari in mayar da shi ya riƙa karɓar foliyo. Da yamma ɗaya na gama. Na gyara shi, na bi duk masu kiransa, wato sauran kod ɗin da ke amfani da shi, na gyara su, na tattara komai a faci guda, wato ƙunshin gyaran kod, na aika wa masu kula da kanel ina jin kaina.

Amsar da ta dawo gajera ce, kuma da gaskiyar mai ita. Kowane tsarin fayil da mai kula da shi, ba wanda zai sa hannu a facin da ya taɓa gonar mutum goma. Sai na sake lale. Na gina sabuwar ƙofa, wato sabon kod mai karɓar foliyo, na bar tsohuwar a buɗe tana tura mutane zuwa sabuwar, sannan na riƙa kwashe masu kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da facinsa. Sharaɗin shi ne kanel ya harhaɗu ya kuma tashi bayan kowane faci, don kada a toshe wa mai neman matsala da git bisect, manhajar gano facin da ya kawo matsala, hanya. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne kawai.

Ashe ni zai fara ceta. Na gwada a kan ext4, komai lafiya lau, har na kusa cewa shi ke nan. Don dai a cika ladan gabe na saka xfstests, tarin gwaje-gwajen tsarin fayil, ya kwana yana gudu a kan XFS. Da asuba na tarar fsx, ɗaya daga kayan gwajin, ya yi ƙara: sifili ya faɗa tsakiyar bayanai masu kyau. Bisect ya kai ni kan faci na bakwai, kan layi ɗaya. Na canza sunaye duka, amma na bar offset_in_page, mai lissafa wuri cikin shafi ɗaya, a inda ya kamata in sa offset_in_folio, mai lissafa wuri cikin foliyo gaba ɗaya. A wancan lokacin foliyon ext4 shafi ɗaya ne tak, saboda haka lissafin biyu amsa ɗaya suke bayarwa. XFS kuwa tuni yake amfani da manyan foliyo, sai kod ɗina ya share wurin da ba nan aka aike shi ba.

Tun daga ranar, duk inda na ga PAGE_SIZE, sunan girman shafi a kod, sai na tsaya na tambayi kaina: wanda ya rubuta wannan, girman shafi yake nufi, ko girman abin da ke hannunsa? Kan wannan tambaya na kwana biyu ina bin facin layi-layi, na kuwa tono wasu wurare biyu masu irin wannan cuta waɗanda gwajin bai kai gare su ba.

Faci na goma sha huɗu shi ne na rushe tsohuwar ƙofa. Sai da na jira zagaye guda na fitowar kanel, kowa ya kwashe kayansa, sannan na aika shi. Layi tara ya goge.