Haɗa siketbod da zai jure tsakuwa da ƙurar hunturu

Siketbod, wato katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake hawa a tsaye, irin wanda ake gani a bidiyon gasa, don siminti mai santsi aka haɗa shi, wanda aka share tas. Tayoyinsa ƙanana ne kuma masu tauri. Wanda ya sayi irinsa ya ɗora a kan kwaltar unguwa, kafin ya yi nisa ƙaramar tsakuwa za ta tokare tayar gaba, katakon ya tsaya cak, shi kuwa ya wuce ya dira da tafin hannu. A nan yara da yawa suke watsar da wasan, suna zaton su ne ba su iya ba, alhali kayan ne bai dace da ƙasar da suke takawa ba.

Filayen da aka gina musamman don wannan wasa ba su da yawa a Afirka ta Yamma. An buɗe Freedom Skatepark a Accra a watan Disamba na 2021. A Legas, 'yan Wafflesncream, wani kamfanin kayan siketbod, sun buɗe nasu a cikin Freedom Park a 2024, bayan shekarun da masu wasan suka yi suna taruwa a harabar Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere. Wanda yake nesa da irin waɗannan wurare, makarantarsa ita ce filin ƙwallon kwando, wurin ajiye motoci bayan an tashi aiki, ko titin da motoci ba su cika bi ba. Don haka daga taya ya kamata a fara lissafi.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin taya. Ta farko girmanta ce a milimita, ta biyu taurinta, lamba ce da harafin A a bayanta, kuma mafi girman lamba ita ce mafi tauri. Masu wasa a fili mai santsi suna amfani da milimita 52 zuwa 54, tauri 99A zuwa 101A. Irin wannan tana gudu a kan siminti mai kyau, tana zamewa idan an so ta zame, kuma ba ta da nauyi wajen tsalle. Amma a kan kwalta mai kaushi duk girgizar hanya a gwiwarka take ƙarewa, ƙararta kuma sai ta tashi maƙwabta. Taya mai laushi, 78A zuwa 87A, mai milimita 56 zuwa 60, tana lotsawa ta haye tsakuwa da ƙananan tsagogi ba tare da ta tsaya ba. Illarta ita ce tana kama ƙasa sosai, ba ta son zamiya, kuma ta fi nauyi. Wanda yake son ya koyi tsalle amma filinsa ba mai santsi ba ne, ya nemi tsaka-tsaki: milimita 54 zuwa 56, tauri 90A zuwa 95A. A ganina wannan ce ta fi dacewa da mai koyo a garuruwanmu. Wasu kamfanoni suna rubuta B maimakon A, kuma ma'aunin B ya gaza na A da maki 20, wato 83B daidai take da 103A. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka ka zaci mai laushi ce.

Babbar taya tana zuwa da nata haɗarin. Idan ka karkata don yin kwana, tana iya taɓa cikin katakon ta kame nan take, ka faɗi. Alamar ita ce wani zagayen gogewa a ƙasan katako daidai saman taya. Maganinsa faifan roba mai kaurin inci 1/8, kimanin milimita 3, da ake sawa tsakanin katako da ƙarfen taya, musamman idan tayar ta kai milimita 56. In ka sa shi, sai ka canza kusoshin su zama masu tsawon inci 1 1/8, domin na inci 7/8 da aka saba ba za su kama noti sosai ba.

Katako na gaske falle bakwai ne na icen maful da aka manne da gam aka matse. Faɗin inci 8 zuwa 8.25 ya wadatar da yawancin manya, yaro ƙarami kuma 7.5 zuwa 7.75. Ƙarafan nan biyu da ke riƙe tayoyi, waɗanda ake kira turok, faɗin sandarsu ya yi daidai da faɗin katakon, kada bambancin ya wuce rubu'in inci. Wanda ake sayarwa a shagon kayan wasan yara, mai turok na roba da tayar leda mai ƙwanƙwasa, ka bar shi a wurin. Ba ya kwana yadda ya kamata, ba ya gudu, kuma yana iya karyewa da mutum a kai. Gara tsohon katako na gaske da wani ya gama da shi.

Haɗawa ba ta da wuya. Baƙar samfefar da ake mannawa a sama tana zuwa inci 9 da 33. Ka ɓare bayanta, ka ɗora daga tsakiya kana dannawa zuwa baki don iska ta fita, ka goga gefen katakon da jikin sukundireba har farin layi ya fito, sannan ka yanke da sabuwar reza daga ƙasa, a ɗan karkace. Da guntun da ya rage za ka goge bakin don kada ya ɗago. Ramukan kusoshi takwas ne, ka huda su daga ƙasa. Wajen ɗaura turok, babban ƙusan da ke tsakiyar kowanne, mai ɗauke da robobi biyu, dole ya fuskanci ɗan'uwansa, wato duka biyun su kalli tsakiyar katako. Idan aka juya su waje, ka karkata dama katakon ya nufi hagu. Sifana uku ake bukata: 3/8 na kusoshin katako, 1/2 na notin taya, 9/16 na babban ƙusa. Notin taya kuma ba a ɗaure shi tamau. Ka ɗaure har ya tsaya, ka ɗan sassauto shi yadda tayar za ta yi ɗan motsi kaɗan in ka girgiza ta.

Sai boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da taya ke juyawa a kansa, wanda shi ne hunturu ya fi cuta. Kowace taya biyu take ɗauka, takwas ke nan gaba ɗaya, kuma duk lamba 608 ne: ramin ciki milimita 8, faɗin waje 22, kauri 7. Wannan lambar ba ta siketbod kaɗai ba ce, ana samunta a ƙananan injina, saboda haka masu sayar da boris a kasuwa sun san ta. Na kasuwa yawanci cike yake da giris, bai kai na shagon siket sakin jiki ba, amma giris ɗin yana tare ƙura, kuma ga mai koyo wannan ya fi gudu amfani. Lambar ABEC da ake tallatawa, 5 ko 7 ko 9, ma'aunin daidaiton ƙira ne don injina masu juyawa da matuƙar sauri, ba ta cewa komai game da jure duka ko ƙura. Abin dubawa shi ne murfin. Mai murfin roba yana ciruwa da tsinin allura a wanke shi a mayar. Mai murfin ƙarfe da aka danne, in ka cire ya lanƙwashe, ba ya komawa.

Idan taya ta fara ƙara kamar ana niƙa yashi, ko ka juya ta da hannu ta tsaya da wuri, lokacin wanki ya yi. Ka kwance noti, ka zaro tayar har sai bakin sandar ya rage a cikin boris ɗaya kawai, ka karkata ta a hankali, boris ɗin zai ɓalle ya fito. Ka cire murfin roba ka ajiye gefe, domin sinadari yana lalata shi. Ka zuba sifirit a ƙaramar kwalba mai murfi, ka jefa boris ɗin ciki ka girgiza na minti biyu ko uku, ka sake da sabon sifirit har ya daina yin baƙi. Ya bushe sarai kafin ka ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu kacal a kowanne. Mai da yawa ƙura yake tarawa. Man feshin WD-40 yana wanke datti amma yana bushewa ya bar ƙwallayen ba mai, kuma man girki yana daskarewa ya yi danƙo. Wajen mayarwa, ɓangaren murfi ya kalli waje, kada kuma ka manta ƙananan washa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje.

Zafi da ruwa ma suna da nasu. Katakon da aka bari a bayan mota da rana, ko a jingine a bango rana tana dukansa, yana iya murɗewa. Ka ajiye shi a ƙasa mai lebur ka duba: in taya ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba, ya murɗe, kuma ba ya gyaruwa. Robobin turok suna yin laushi a watannin bazara, sai ka ji katakon yana rawa fiye da da. Rabin juyi na notin babban ƙusa ya isa. In ka matse har robar ta kumbura ta fito gefe, tsagewa za ta yi. Da damina kuwa, ko an ɗauke ruwa, a jira ƙasa ta bushe. Ruwa yana shiga ta ramukan kusoshi da inda baki ya ci, fallayen su rabu, boris kuma ya yi tsatsa cikin kwana ɗaya.

Tsintsiya tana cikin kayan wasa. Kafin kowa ya hau, a share layin da za a bi, domin siririn yashin da iska ke kawowa kan siminti yana sa tayoyi su sulluɓe a kwana. A nemi izinin mai gadi ko masu wurin, a kauce wa harabar masallaci da gaban shagunan mutane. Idan ana da yawa, ɗaya bayan ɗaya ake shiga, wanda ya faɗi ya tashi daga hanya da sauri, wanda katakonsa ya kuɓuce ya ɗaga murya a ji. Mai koyo ya sa hular kwano da abin kare wuyan hannu, saboda wuyan hannu ne ya fi karyewa in aka tare ƙasa da tafi a miƙe. A koyi faɗuwa a kan ciyawa tukuna: a durƙusa, a naɗe hannu, a mirgina ta kafaɗa.

Tayoyi ba sa cinyewa daidai, gefe ɗaya yana riga ɗaya. Da ka ga sun fara karkata, ka musanya su a gicciye, ta gaban dama ta koma bayan hagu, ta gaban hagu ta koma bayan dama. Wadda ta yi lebur a wuri guda har tana bugawa in ana tafiya, ita kam sai canji.