Godiya ga matan gidanmu bayan arba'in

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun yi arba'in lafiya, ni da jaririya mun koma ɗakinmu. Duk wanda ya tako Ƙofar Marusa ya yi mana barka, da waɗanda suka bugo waya daga nesa, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Waɗanda suka san halin da na shiga a watan haihuwa sun san jinina ya hau, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da za a sallame mu, likita ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya, kanwa kuma a ajiye ta gaba ɗaya, domin sinadarin da ke cikinsu yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Ta ce ko mai lafiya, gishirin da zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda. Na ji bayani, amma ba ni ke riƙe da muciya ba. Mai jego abin da aka miƙo mata take ci.

Shi ya sa godiyar farko ta Inna ce. Ba ta ware mini tukunya ba, gidan duka ta juya. Miyar kuka ta koma daddawa da busasshen kifi, ga kwaɗon zogale da rama kusan kullum. Baba ya ɗanɗana ya ce miyar lami ce, Inna ta ce tukunya ɗaya take ɗorawa, mai son gishiri ya bari sai an yi arba'in. Ƙannena maza sun riƙa sulalewa wurin mai shayi da dare, mun sani, mun dai kawar da kai.

Sai Gwaggo, wadda ta yi mini wanka. Ita aka fi taɓawa, don a wurinta jego ba kunun kanwa ba jego ba ne. Ta yi ta mita cewa su shi suka sha, ga su nan garau. Amma da asuba ita ke tashi ta dama kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ruwan wankan ma ta yarda ana sirka shi. Gwaggo, na san ba ƙaramin abu kika haɗiye ba. Allah Ya jiƙan mahaifa.

Hajiya kaka kuwa, da ta ji nono zalla za a ba yarinya har wata 6 ba ko ɗigon ruwa, cewa ta yi a wannan zafin na Katsina ai rashin imani ne. Daga baya ita ta zama mai gadi. 'Yar barka ta ce a ɗiga wa jaririya ruwa, Hajiya ce ke fara tare ta: a ba uwar ta sha.

Surukata ta aiko da ƙauri da gero da man shanu, Allah Ya ƙara girma. Maigida ma ya yi ta hidima, an gode.

Maƙwabta da suka kawo abinci ranar suna, kwanoninku na nan wurin Inna an wanke, a aiko yara su ɗauka.