Fulogi na uku

Talata. Hazo tun asuba, shayin bakin gareji ma har ya huce kafin in kai rabin kofi.

Wajen ƙarfe 10 Alhajin Golf ya shigo, motar tana kakkarwa, daga jin ƙararta ka san silinda ɗaya ta yi shiru. Na ce wa Auta, yaron aikina, ya kwance fulogai, ni ina ƙarƙashin Corollar jiya. Can sai na ji shiru ya yi yawa. Ina fitowa na tarar da shi riƙe da fulogi na uku, zaren ramin ya biyo shi, ya nannaɗe a jikinsa kamar siririyar waya.

Raina ya ɓaci. Kan injin Golf 3 alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe, in aka yi musu dole mai taushin ne ke mutuwa. A gaban Alhaji da sauran yara na hau shi: "Sau nawa zan gaya maka ba a kwance fulogi inji na da zafi?"

Ya ce, "Oga, wallahi ban ja ba, da kansa ya taho."

Na ce ya rufe min baki.

Kasuwar Ƙofar Ruwa na aika aka kawo Helicoil mai milimita 14, wato nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ake sakawa a ramin ta zama sabon zare. Alhaji ya so a naɗa wa fulogin waya a tura kawai, wai yana sauri. Na ƙi. Irin wannan gyaran ne ke harbo fulogi a tsakiyar titi.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Na sauke fistin ƙasa, na cika ramukan tab, wato ƙarfen da ke yanka zare a rami, da giris don ya riƙe ɓarɓashin, kada ya zuba cikin silinda. Juyi ɗaya, a dawo baya, a fitar, a goge, a sake shafa giris. Ana cikin haka na haska ramin da fitilar waya, sai ga busasshen gam, toka-toka, manne a gefe. Zaren ya daɗe da cinyewa. Wani ne ya liƙe fulogin ya sallami Alhaji.

Da na nuna masa, sai ya ce, "Af! Kwanaki an taɓa min shi a hanyar Zariya." Shi ke nan abin da ya ce.

Sabon zare ya zauna, fulogi ya shiga da hannu kafin sifana, mota ta tashi lafiya lau. Alhaji ya biya har da ɗan ƙari.

Auta yana can yana wanke sifanu da fetur. Na miƙa masa kuɗin abinci, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Oga," bai ɗago kai ba. Yaron nan shekara 2 yana wajena, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kalma ɗaya ce ya kamata in faɗa, kuma a gaban yaran da suka ji faɗan. Bakina ya yi nauyi.

Tuwo da miyar kuka. Maman yara ta tambayi abin da ke damuna, na ce gajiya ce.

Da zan cire riga na ji abu a aljihu. Tsohon fulogin ne, da gam ɗin a jikinsa. Gobe da safe, kafin a buɗe akwatin kaya, zan tara su in nuna musu shi.